Zuwa ga Farfesan Aure na Ƙofar Rini

Farfesa, bawana, barka da wannan girma. Na ji Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta tabbatar maka da kujerar farfesa a fannin ba da shawara kan zaman aure da iyali. Da labarin ya iso Ƙofar Rini mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa dariya ta hana ni tsayuwa. Bafillatanin da har gobe ba ya iya faɗin sunan ɗansa na fari, wai shi ne zai koya wa miji da mata su buɗe baki su gaya wa juna abin da ke ransu! Uwargida in ta leƙo zaure, "ke" kake ce mata, idonka na kan bango. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Bari in tuna maka asali, tunda mu Barebari muka rene ku. A ruga darasin aure guda ne, sharo. Saurayi ya tuɓe riga, a zabga masa sanda, ya riƙe madubi yana murmushi kamar an ba shi kyautar saniya, shi ke nan ya ci jarrabawa. Daga wannan makaranta ka fito, yau kake yi wa mutane lacca kan tausasa harshe.

Ban raina wahalarka ba. Ka shiga aikin kana ƙaramin malami, a jami'ar da aka kafa a 1975, aka raɗa mata sunan Shehu a 1988. Digiri na biyu, na uku, babban lakcara, sannan aka tattara maƙalunka aka aika wa wasu farfesoshi su auna a asirce. Fannin naku ma baƙo ne. A Ibadan ya fara a 1959, lokacin da wasu mata 'yan mishan na makarantar St. Theresa suka gayyato mutane su ba 'yan matan da za su gama karatu shawarar aikin yi. Ƙungiyarku ta CASSON ta biyo baya a 1976. Ka ga ke nan da neman aiki aka soma, aure daga baya kuka tsinto shi a hanya.

To amma gaya mini, in mace ta yi yaji a Ƙofar Rini, wa ake nema? Ka taɓa ganin an tari mai kabukabu an ce a tafi ofishin Farfesa can wajen Dundaye? Gwaggo ake tasowa. In ta gaza, waliyyi. In abin ya ci tura, liman ko mai unguwa, sai a ƙarshe alƙali. Miji ya saka babbar riga ya je biko, a ajiye shi zaure, a bar shi ya sha zaman jira har ya san ya yi laifi. Wannan tsari yana da tushe, don aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a ɗauko mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata. Maganar da ake yi a wurin kuwa ba ta cikin littattafanka na Amurka: cefane ya ragu, rabon kwana ya karkata wajen amarya, uwar miji ta sa baki a tukunya, an ga wani saƙo a waya, bashin lefe da kayan ɗaki bai gama biyuwa ba har an yi suna. Tsadar biki ta kai gwamnatin jihar nan ta yi dokar rage ta a 2023. Kai kuma kana can kana raba wa ɗalibai takardar tambayoyi, su zaɓi "na yarda" ko "na yarda ƙwarai", ka rubuta sakamakon da Turanci a mujallar da ko matarka ba ta taɓa gani ba.

Yanzu zan faɗi abin da ba na so ka ji, don kada kanka ya kumbura. Akwai abin da ka sani wanda zauren nan bai sani ba. Maganin dattawanmu ɗaya ne, "yi haƙuri", kuma kusan kullum mace ake ba shi ta haɗiya. Ba a tambayar ta ita kaɗai, ba a rufa mata asiri, kafin la'asar unguwa duk ta ji. Kai an koya maka ka saurari mutum har ya gama, ka gane maijegon da ciwon damuwa ya kama ba aljanu ba ne, ka san duka ba abin haƙuri ba ne, ka sa a yi gwajin jini kafin a ɗaura, kada a haifi masu sikila. Kano har doka ta yi a kan gwajin nan a 2024. Wannan ilimi a kan tabarma ake bukatar sa, da Hausa, da Sakkwatancin ma in ka ga dama.

Kuma ba ka da uzuri, don a gidanku aka fara. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira mata su zo su same ta ba kawai. Ta naɗa jajis, ta ba su malfa, suka bi ƙauyuka da karatu cikin harshen da mata ke ji, aka samu 'Yan Taru. Mahaifinta kuwa, a Nurul Albab, ya yi kaca-kaca da malaman da ke koyar da almajirai safe da yamma suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ban ce da kai yake ba. Na dai ce ka sake duba littafin.

Jarrabawarka ta gaskiya an yi ta a 2022, lokacin da yajin aikin ASUU ya zaunar da kai gida wata takwas, ba aji, ba taro, ba inda za ka fake. Uwargida ce ta yi makin, kuma ta ƙi nuna mini takardar, sai dai na ga tana girgiza kai. Doka ta ba farfesa har shekara 70 kafin ya ajiye aiki, saboda haka kana da lokacin sake zama.

Harajina na bana kuma, na farfesa zan karɓa, ba na ƙaramin malami ba. Kada ka aiko mini da nono a ƙwarya, na san rabinsa ruwa ne.