Likitocin Sabis

A ƙauyukanmu na gefen Ɗambatta, da zarar MiFi ɗin gida ya fara jan ƙafa, kowa sai ya zama likita.

Akwai Malam Kashe-ka-kunna. Maganinsa ɗaya ne tal, kuma abin haushin shi ne yakan yi aiki. Akwai mai ɗora wa hazo laifi, in damina ta faɗi ya koma kan hadari. Baba kuwa hukuncinsa a yanke yake: tun da aka ƙara kuɗin data a 2025, shi bai ga abin da ya ƙaru ba sai juyawar da'irar nan.

Gwanina dai Injiniya ne, yaron da ya yi 'yan watanni yana manna gilashin waya a Farm Centre, ya dawo gida da harshen masana. Ba ya taɓa na'ura sai ya yi tsaki. Zai ce rufin kwano da kaurin katangar ƙasa ne ke tare sabis, kuma gaskiyarsa. Daga nan sai tattaki: ya fita tsakar gida da ita a tafin hannu kamar mai kiwon ɗan tsako, ya ɗora kan rumbu, ya sauke, ya rataya a reshen darbejiya yana fuskantar inda ƙarfen sabis yake. "Yaya, duba, 4G ne ko ya koma E?" Ka ce 4G ne. Ya sauko yana huci, kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya koma E. Ya zare layi, ya goga a riga, ya sa na wani kamfanin. A ƙarshe ya ce bayan isha'i ne, kowa na kan layi, a jira ƙarfe ɗayan dare. Mu kuma masu latsa bidiyo ɗaya sau goma, muna zaton matsi zai sa ya buɗe, mu ce Allah ya saka.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai raba lambar sirri. Ka ba shi don ya duba sakamakon jarrabawar ƙanwarsa, da magariba ka tarar da majalisa guda a jikin katangarka, kowa fuskarsa na haske da TikTok. Datar wata ta ƙare a mako. Ka canja lambar, gobe ya yi sallama ko kunya babu: "Yaya, lafiya kuwa? Abin naku ya daina kamawa, kuma samari sai tambayata suke."