Wasiƙa Zuwa Ga Taubashina A Kubwa

Landan, daren Juma'a.

Zuwa ga taubashina, sarkin barcin Abuja.

Ina sanar da kai cewa ni da ka yi wa gori a Kasuwar Wuse, wai zan tafi Ingila in koyo ɗaure fuska, na iske mutanen nan da muke zaton ba sa dariya sai da izinin hukuma, ashe su ma suna da 'yan kamansu, har sun fi namu taɓuwa.

Sanadin wannan ilimi kuwa dattijon da nake haya a gidansa ne, wanda kullum da asuba, alhali ruwa na zuba kamar ba za a sake rani ba, yakan ɗora faifan wata ƙungiya mai suna Bonzo Dog Doo-Dah Band, ya ɗauki murfin tukunya yana amshi. Jagoransu, Vivian Stanshall, murya gare shi irin ta alƙali mai yanke hukunci, amma abin da yake furtawa da ita shirme ne tsantsa, tamkar yadda ɗan kama kan gyara rawani ya yi gyaran murya, jama'a su natsu, sai wa'azin ya ƙare a kan tuwo da miyar kuka. Waƙarsu da ta yi tashe a 1968, Paul McCartney ne ya jagoranci ɗaukarta a faifai a ɓoye da sunan aro, Apollo C. Vermouth, wani cikinsu kuma, Roger Ruskin Spear, ƙafar mutum-mutumi ya ja wa lantarki yana tatsar kuka daga cikinta. Wallahi na zama muhibbinsu, domin wauta mai tsari irin wannan sai mai hikima.

Don kada a rena mu, na ba shi labarin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntigin gwangwanin kifi ya zaga duniya. Dattijo ya cire hula, ya ce lalle sai na kaɗa masa. Yau gwangwani uku ke nan na ɓata, ba amo sai ƙarni.

Saboda haka ka nemo mini kuntigi, ka haɗo da kilishi, na yafe maka kuɗin sharar bana. In kuwa ya faskara, ɗauko mini minsharinka a waya, domin na tabbata a nan faifai guda za a buga da shi.

Wassalam,
Taubashinka, ubangidanka.