Tayar Ƙanƙara a Ƙasar Kurfai

Mai shagon, can a Yamai, ya rantse mini cewa tayoyin daga Jamus suka zo, kuma wani likita ne ya hau su, shi ma ranar Lahadi kawai. Duk tayar gwanjo ta likita ce. Ban taɓa jin wadda aka ciro daga motar ɗan tasi ba. Ni dai buƙatata ɗaya: taya huɗu da za su ɗauki damina da rani, su fara da kai tsohuwar Corolla tawa Abala ɗaurin auren ƙanena.

Ya tofa yawu a yatsa, ya goge gefen tayar, ya nuna mini hoton dutse mai kawuna uku da wani abu mai ƙafafu shida a cikinsa.

"Alhaji, ka ga dutse? Hawan dutse aka yi ta. Wannan kuma tauraro ne, muƙami ke nan." Sai ya nuna harafin H, ya ce tana jure gudun kilomita 210 a awa. Motata ba ta wuce 90 sai a gangara, amma mutum yana son abin da ya fi ƙarfinsa. Na ƙirga jikkuna na miƙa.

Watan Afrilu ne, rana tana dukan kwalta. Tun kafin Baleyara tayoyin suka soma wani kuka, na ce wa matata sautin inganci ne. A Bonkuku ta ce tana jin ƙaurin roba, na ce masu ƙona shara ne. Muka wuce Filinge, kilomita wajen 180 daga Yamai, ina ɗaga wa mutane hannu. Dab da Tukunus ta baya ta yi ƙara, har shanun Azawak da ke kiwo a gefen hanya suka watse. Muka sauke goro da atamfofi, muka tono safaya, ashe ita ta riga kowa mutuwa.

Amalanken jaki ne ya mai da ni Filinge, ina rungume da tayar kamar mai kai maras lafiya asibiti. Tayar amalanken ba ta da ko zane ɗaya, amma tafiyarta take yi.

Mai facin yaro ne, gemu bai fito ba. Ya duba, ya kira maƙwabcinsa, shi ma ya duba.

"Baba, ƙanƙara za ka je takawa?"

Wai tauraron nan nawa ƙwayar dusar ƙanƙara ce. Robar da gangan aka yi ta da laushi, don ta kama titi idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7. A nan kuwa muna sama da 40, zafi kawai take tarawa tana cinye kanta. Na ce masa likita ne ya hau ta. Ya ce Allah ya ƙara wa likita lafiya. Sannan ya nuna lambobi huɗu bayan haruffan DOT: 3811, wato mako na 38 na shekarar 2011.

"Shekarar da aka mai da Abala departema ke nan, Baba. Masu ƙera ta ma sun ce in ta kai shekara 10 a sallame ta."

Har yanzu ina ganin yaron nan ya cika baki, don bai ƙaryata harafin H ba.

Mun isa Abala an shafa fatiha, an cinye tuwo. Kawu ya saurari labarin, ya aika da fasasshiyar wajen baduku a yanka masa takalmi. Baduku ya latsa, ya ce ƙayar aduwa za ta huda. Sauran ukun na ba ango gudummawa a gaban jama'a, aka yi ta sa mini albarka. Ango ba shi da mota.