Fulotin Baffa a Matondoni

Tsibirin Lamu yana arewacin gaɓar tekun Kenya, ba nisa da iyakar Somaliya. Filin jirgin samansa ma ba a kansa yake ba, yana tsibirin Manda da ke tsallake, sai an sauka sannan a shiga jirgin ruwa a ƙetara. Tsohon garin, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, da dutsen murjani aka gina shi, wasu lungunan kuwa sai mutum biyu sun karkace kafin su wuce juna. Motocin tsibirin da yatsu ake ƙirga su. Siminti, yashi, buhun shinkafa, har gadon amarya, duk jaki ne ke ɗauka, kuma jakunan dubbai ne. Har asibiti gare su, wanda wata ƙungiya daga Ingila ta buɗe a 1987.

Maulidi ne ya kai Baffa can. Ya ji labarin taron da ake yi kowace shekara a masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, malamin nan ɗan asalin tsibiran Komoros, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19. Ni kuwa an ɗauko ni ne a matsayin tafinta da ɗan riƙon jaka. Sai dai Baffa dillalin filaye ne a Kano, ya yi furfura a cikin sana'ar, daga Rijiyar Zaki zuwa Ɗanbare babu kangon da bai san tarihinsa ba. Irin wannan mutum ko ziyara ya je idonsa na kan ƙasa.

A Shela abin ya motsa. Ƙauye ne mai tazarar kilomita 3 daga gari, inda attajiran Turai suka saye tsofaffin gidaje suka gyara, har da 'yan gidan sarautar Monako. Da aka gaya wa Baffa kuɗin da ake sa wa gida guda, sai ya cire hula ya shafa kai, ya mayar.

"Yaro, nan an riga mu," in ji shi. "Tambayo mana ƙauyen da Turawa ba su gano ba tukuna."

Aka ce Matondoni. Ƙauye ne a arewa maso yammacin tsibirin, mai rufin ganyen kwakwa, ya yi suna wajen sassaƙa jiragen katako masu tafiya da iska da kuma saƙar tabarma da kwando. Mai jirgin da ya ɗauke mu ya dage a tashi da sassafe, yana ta nuna ruwa yana magana. Baffa ya ɗauka dabarar ƙarin kuɗi ce, ya tsaya ya karya kumallo a tsanake. Sakamakon haka jirgi ya kafe a taɓo tun ƙauyen yana can nesa, muka naɗe wando muka ƙarasa da ƙafa. Mai jirgi ya ce babu komawa sai ruwa ya dawo. Na fassara. Baffa bai saurara ba, don ya riga ya hango abin da ya zo nema.

Fili ne shimfiɗaɗɗe a gefen ƙauyen, fari fes, babu dutse, babu kwari, babu ko turken wani. Daga can baya wasu itatuwa masu saiwa a waje sun yi masa katanga. Baffa ya tuɓe takalmansa ya ajiye a tsakiya a matsayin shaida, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya shiga aunawa da taku, hamsin da ɗari, hamsin da ɗari. Duk inda fuloti ya ƙare sai ya sa ni in kafa itace. Yaran ƙauye suka taru suna taya mu tsinto itatuwa, suna dariya, shi kuma yana cewa ka ga yara masu tarbiyya. Kafin azahar ya yanka layi biyu, ya fitar da titi, ya ware wurin masallaci, ya bar kusurwa guda don gidan mai. Na tuna masa cewa kusan babu mota a tsibirin.

"Ɗanbare ma da babu," ya ce.

A bakin filin wani dattijo yana zaune a inuwar jirgin da ake gini, yana tura auduga cikin tsagar katako da kurfi, yana bugawa a hankali don kada ruwa ya samu hanya. Baffa ya yi masa sallama da Larabcinsa na makarantar allo, suka gaisa har da tambayar iyali, sannan ya sa ni in tambaya wa ke da filin nan. Dattijo ya dubi turakunmu, ya dubi Baffa, ya ce a gaya wa Alhaji mai wurin ya fita, amma yana dawowa da la'asar, kuma bai taɓa saɓa lokaci ba.

Baffa ya ji daɗin wannan amsa ƙwarai. Mai fili guda, ba magada goma sha ba, kuma mai cika alkawari.

Aka kai mu masallaci, daga nan aka shimfiɗa mana tabarma aka kawo shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa da gasasshen kifi, aka biyo da gahawa mai citta a 'yan ƙananan kofuna. Baffa yana ci yana lissafin la'ada a bayan tikitin jirgi. Da aka idar da sallar la'asar ya miƙe ya gyara hula, ya ce mu je mu gana da mai wuri.

Mai wuri ya iso. Ruwa ne shuɗi tun daga gindin jirgin dattijo har cikin itatuwan can, wani yaro yana tuƙa kwalekwale daidai kan titin da aka fitar. Turke guda ne kawai ya rage, na kusurwar gidan mai, kansa ya ɗan leƙo. Takalman Baffa kuwa, sau ciki na fata da ya saya musamman don tafiyar, ɗaya ya nufi tsallake, ɗayan ba a sake jin labarinsa ba.

Wanda ya tashi a bakin madatsar ruwan Tiga ko ta Bagauda ya san ruwa yana cika da damina ya ja baya da rani. Teku ba ta jiran damina. Jan da wata ke yi mata yana sa ta cika ta janye sau biyu a kowace rana, wajen awa shida tsakanin cika da janyewa, kuma a tsakiyar wata da ƙarshensa bambancin a wannan gaɓar yakan kai mita 3. Da wannan mutanen Lamu ke tsara fita kamun kifi da zuwa kasuwa da kai mara lafiya asibiti. Wani malamin makaranta da ya zo kallo ya ƙara mana karatu: tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ce duk ƙasar da ke tsakanin iyakar cikar ruwa da iyakar janyewarsa ta al'umma ce, ba a sayarwa. Ko a tudu ma, baƙo ba ya mallaka, haya ce da ba ta wuce shekara 99 ba.

Baffa ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko shekara 99 ɗin ana lissafa har da awannin da filin ke cikin ruwa.

Jirginmu ya taso, mai shi yana kira, Baffa ya ce atafau ba zai shiga ba. Ruwan da ya cinye fuloti ashirin cikin yini guda, me zai hana shi haɗiye Bakano ɗaya? Dole aka nemo jaki. Aka ɗora buhu a bayansa, Baffa ya hau da silifas ɗin aro, ƙafafunsa na jan yashi, muka ratsa gonakin kwakwa da mangwaro har duhu ya yi. Jakin bai san Hausa ba, bai kuma nemi shawara ba. Da muka shigo gari ya bar hanyar masaukinmu ya kutsa wani lungu da ya saba, bango na goge babbar riga hagu da dama, ya je ya tsaya cak a ƙofar wani shagon siminti yana jiran a sauke kaya.

A majalisarsu ta Kano an tambayi Baffa yadda ya ga harkar filaye a ƙasar Kenya. Ya ce ya samu wuri mai kyau, bakin ruwa, har ya auna, amma da ya bincika sai ya tarar akwai rigima a kansa.