Mafarautan Unguwarmu da Kan Burtu

Labari ya iso mana cewa mutanen Amurka, idan bazara ta kama suka fita neman talotalon daji, sukan kafa gunkin mace na roba a fili domin namiji ya taho yana fankama har bakin bindiga, kuma har yau ba su daina jayayya a kan lokacin da ya dace a kafa shi ba. To, mu da talotalonmu bai wuce tsakar gida ba, tun kaka da kakanni muke da irin wannan mas'ala, sai dai tamu ta kan burtu ce, wanda ake sassaƙawa da itace, a lulluɓe da fata, a manna masa idon zakara, maharbi ya ɗaura a goshi, ya sunkuya cikin baƙar riga yana caccakar ƙasa kamar tsuntsun, har barewa ta saki jiki. Asalin "shigar burtu" ke nan.

A majalisar mafarauta ta Tudun Wada, tamu ta Nassarawa nake nufi, ba ta Ɗankadai mai maƙwabtaka da dajin Falgore ba, na lura ɗabi'unsu sun rabu.

Akwai wanda ya ɗauki burtu tamkar farilla, ko zomo za a kora da karnuka sai ya ɗaura, alhali kuwa fa'idarsa ba ta bayyana sai da rani, bayan an ƙone ciyawa, a sarari inda dabba ke hango mutum tun daga nesa. Da damina kuwa, cikin duhuwar gamba, ba wanda zai ruɗa sai ɗan'uwansa mai bindigar toka, kuma Allah Ya kiyaye, wannan ba ya tambayar burtu sunansa.

Akwai kuma ustazun daji, mai cewa yaudarar dabba ha'inci ce, yana kafa hujja da Risala, wadda iyakar abin da ta karhanta shi ne farauta don wasa. Na bincika, ashe ciwon baya ke hana shi sunkuyawa.

Amma wanda ya fi ba ni tausayi shi ne gwanin kwaikwayo, wanda ya ƙware a rangwaɗar burtu har yara suka riƙa binsa, sai dai ya shafa ɗan-goma tun asuba, ya kuma bar iska tana kaɗawa daga bayansa zuwa hancin gada, wadda tun da Allah Ya halicce ta ba ta taɓa jin burtu mai ƙanshin ango ba.

Na ƙarshensu dattijo ne, kan burtunsa na rataye a zaure gara ta cinye rabinsa, shi ne kuma mai yanke hukunci a duk gardamar nan, da na ce, "Baba, yaushe rabonka da daji?" sai ya ce an kira la'asar.