Gyambon Maƙwabciya

An gama waƙa a taron Zumuntar Mata, masu kiɗan tulu sun zauna, aka shiga roƙon addu'a. Wata 'yar'uwa ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta sassauta murya: "Ba gulma ba ce, don mu sa ta a addu'a ne." Sai ta zazzage abin da wata ta faɗa mata a ɗaka cikin hawaye: mijin da ya daina kwana a gida, zubin adashin da ya gagara, 'yar da ta dawo daga makaranta da ciki. Mai sirrin ba ta zo ba ran nan. Aka ce amin da ƙarfi.

Uwar Zumunta ba ta tsawata wa kowa ba. Ta ce, "'Ya'yana, ku ji wani labari.

"Wata mata ce maƙwabciyarta ta yi gyambo a ƙafa. Don tausayi ta wanke mata, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta goya ta za su asibitin mishan na Galmi. Hanya ga ta miƙe, amma ta ratsa ta kasuwa. Wajen masu albasa ta kwance tsumman: 'Ku duba, ku tausaya.' Wajen mahauta ta sake kwancewa. Duk wanda ya gani sai ya ce wayyo, ya kuma yaba mata zumunci. Yabon ya yi mata daɗi, ta ƙara zagaye. Kafin su isa ƙofar likita, ƙudaje sun gama aikinsu, ƙafa ta ruɓe. Ta koma gida tana cewa, 'Ni dai na yi iyakar ƙoƙarina.'"

Ɗaki ya yi tsit. Tsohuwa ta sa aka karanta Matta 18:15 da Yakubu sura 3, aka tashi.

Shaiɗan ya san da wuya ya ja macen da ke riƙe da Littafi Mai Tsarki zuwa gidan boka. Sai ya ɗinka wa tsegumi zanen zumunta, ya koya masa cewa amin.

'Yar'uwa, wadda ta buɗe miki ciwonta amana ta ba ki. Ki kai shi gaban Ubangiji a rufe. Shi ne likitan, ya kuma riga ya san abin da ke ƙarƙashin tsumman.