Kofur a Bariki, Dakta a Gobir

Duk mai lura da zamantakewar ƙasar Gobir, musamman Isa da Sabon Birni da ƙauyukan da suka jeru har bakin iyakar Maraɗi, ya san wata ƙa'ida wadda babu ita a littattafan soja, wato muƙamin odali yana ƙaruwa gwargwadon nisansa da bariki. Odali shi ne ƙaramin ma'aikacin asibitin soja wanda aikinsa bai wuce tura gadon majinyaci da wanke miki da naɗa bandeji da zubar da fo ba, amma ranar da ya ajiye kaki a sansanin sojan sama na Kaduna ya kama hanyar gida, a Funtuwa yakan zama dirasa, wato mai ɗaurin rauni, a Gusau ya zama nas, a Shinkafi a fara kiransa Dakta, kafin motar ta tsaya a Sabon Birni kuwa ya riga ya yi wa janar biyu tiyata.

Tarihin da yake bayarwa a majalisar bayan la'asar yana da ginshiƙai na gaskiya, domin an kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964, an yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 da jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet, an kuma tura dakaru Laberiya a 1990. Matsalar ita ce ya halarci dukansu, alhali lissafin shekarunsa yana nuna lokacin basasar bai gama famfara ba. Yakan bayyana yadda ya ɗinke wa matuƙi hannu suna tsakiyar gajimare, ba tare da wani ya tuna masa cewa jirgin nan kujera ɗaya gare shi ba. Idan aka zo kan kwamandansa Bayarabe, sai wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa ya ba shi lasisin cewa kullum shi yake tsawata wa ogan.

Sai dai ba shi kaɗai ya naɗa kansa ba, jama'a ne suka ɗaura masa rawanin, saboda a ganinsu maganin da bai huda fata ba bai shiga jiki ba. Likitan da ya auna jini ya rubuta ƙwaya ya ce a huta, akan ce bai gama makaranta ba, shi kuwa wanda ya rataye ledar ƙarin ruwa a reshen dalbejiya ya daka wa majinyaci tsawar fareti kafin ya soka allura, akan biya shi da tiyar gero da zabuwa da godiya. Ƙarancin likitoci da hatsarin hanyoyin yankin sun ƙara masa kasuwa, domin inda babu kasuwa gindin kuka ma kasuwar Kurmi ce.

Wurare biyu kaɗai ƙa'idar take karyewa. Na farko shi ne layin tantance 'yan fansho, inda takarda take mayar da shi kofur ba tare da kunya ba. Na biyu shi ne ranar da zazzaɓi ya kama shi, domin bai taɓa yarda da allurar hannunsa ba, da asuba yakan nufi asibitin koyarwa na Sakkwato ko asibitin Galmi a Nijar, bayan ya bar sallahu cewa likitocin can ne suka aiko neman shawararsa.